Baki Gaba, Magana Baya: Ba a Kano Aka Fara Ba

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu. Kun san tsokanar da ake mana a ɗakin kwana idan aka taɓo tsofaffin finafinan Hausa: wai jarumi ya rufe baki tuntuni, sannan maganarsa ke isowa. A yi dariya, ba laifi, amma mu san tarihin abin.

Matsalar ta girmi Kannywood nesa ba kusa ba. A 1927 kamfanin Warner Bros. na Amurka ya fitar da The Jazz Singer, hoto a kan zaren fim, sauti a kan faifan garmaho daban. Allura ta yi tsalle ko zare ya tsinke, shi ke nan, baki da murya sun raba gari. Cikin 'yan shekaru aka koma ɗora sautin a gefen zaren fim ɗin, su riƙa tafiya tare.

Mu kuwa da kaset muka fara: Turmin Danya a Kano a 1990, Living in Bondage a Legas a 1992. Daga baya faifan VCD, wanda aka ƙirƙiro a 1993, ya mamaye kasuwa daga Alaba har Bata.

To ina gizo yake saƙar? A lissafi. Fim ɗin sinima hoto 24 yake nunawa a daƙiƙa, talabijin ɗinmu 25, na Amurka kusan 30. Idan mai kwafi ya mayar da hoton 24 zuwa 25 ya bar sauti yadda yake, cikin awa guda hoto ya tsere wa murya da fiye da minti biyu. Ƙara da faifai mai ƙarce da injin araha da ke tsallake hoto. Shi ya sa fim ɗin Indiya, na Ibo da na Hausa duk suka sha wannan dukan.

Ku 'yan sashen koyon aikin jarida masu haɗa bidiyon furojet da waya, har yau abin na nan, kuma yana cin maki. Kafin a fara magana, a tafa hannu sau ɗaya gaban kyamara. Wajen tacewa sai a daidaita ƙarar tafin da hotonsa, aikin da allon nan da ake bugawa a wajen ɗaukar fim yake yi ke nan. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa.