Shekarar 1973 a Tarihin Nijeriya: Siyasa, Wasanni da Al'adu

Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu ɗauki shekara guda, watau 1973, mu dubi abin da ta ƙunsa. Dalilinmu kuwa shi ne, shekara uku ke nan da ƙare Yaƙin Basasa, kuma a cikinta ne gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta fito da yawancin dabarunta na ɗinke ɓarakar da yaƙin ya bari. Tambayar da za mu yi ƙoƙarin amsawa ita ce: me ya sa waɗansu dabarun suka kama ƙasa, guda kuwa ta wargaje?

Kuɗi da Al'ada

Ranar 1 ga Janairu aka daina lissafi da fam da sule, aka koma Naira da Kwabo. Naira biyu ita ce fam guda, kwabo goma kuwa ya maye gurbin sule. Da yake yawancin jama'a ba su karanta jarida, sai hukuma ta dogara ga rediyo da mawaƙa, na baka da marubuta, wajen fahimtar da mutanen karkara. Amma harshe bai bi doka nan take ba. Shekaru da dama bayan haka 'yan kasuwa suna kiran Naira biyu fam, suna kiran kwabo goma sule. A shekarar ce kuma aka soma ginin babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a Ikko, wanda ya karɓi bikin FESTAC a 1977.

Wasanni

Daga 7 zuwa 18 ga Janairu Ikko ta karɓi baƙuncin Wasannin Afirka karo na biyu, a sabon filin wasa na Surulere. Masar ce ta zo ta ɗaya a yawan lambobin zinariya, Nijeriya na biye da ita. Modupe Oshikoya ita kaɗai ta ci zinariya uku, 'yan ƙwallonmu kuma suka doke Gini da ci 2 da nema a wasan ƙarshe. Abin lura a nan shi ne, 'yan wasa daga sassan da suka yaƙi juna ne suka sa riga iri ɗaya. Da wannan niyya aka ƙaddamar da Bikin Wasanni na Ƙasa a cikin shekarar, inda jihohi 12 suka kara da juna.

Bautar Ƙasa da Ƙidaya

Ranar 22 ga Mayu aka kafa Dokar Soja mai lamba 24, wadda ta wajabta wa masu digiri yi wa ƙasa hidima ta shekara guda a jihar da ba tasu ba. Da farko ɗaliban jami'o'i sun yi zanga-zangar ƙin amincewa, amma shirin ya ɗore, kuma makarantun Arewa da ke fama da ƙarancin malamai sun ci moriyarsa ƙwarai.

Ƙidayar jama'a da aka yi a ƙarshen Nuwamba ba ta yi wannan sa'a ba. Sakamakon da aka bayyana a 1974 ya ce 'yan Nijeriya sun kusa miliyan 80, alhali ƙidayar 1963 ta ba da miliyan 55.7. Fiye da miliyan 51 daga ciki an ce suna jihohi shida na Arewa. Nan da nan gardama ta kaure, Cif Obafemi Awolowo ya yi watsi da alkaluman a bainar jama'a. Da Janar Murtala Muhammad ya hau mulki a 1975 sai ya soke ƙidayar ɗungum, ba a sake wata ba sai 1991.

A ganinmu dalilin bambancin a fili yake. Kuɗi da ƙwallo da bautar ƙasa ba su rage wa wani sashe rabonsa ba. Ƙidaya kuwa ita ce mudun da ake auna kujerun majalisa da kason arzikin ƙasa. Daɗa ga shi a watan Oktoba yaƙi ya ɓarke tsakanin Larabawa da Isra'ila, farashin man fetur ya ninka wajen sau huɗu cikin 'yan watanni. Da abin rabawa ya ƙaru, sai kowa ya ƙara sa ido a kan mudun.

Abin da Talaka Ya Riƙe

Wajibi ne mu faɗi cewa tarihin da ke cikin takardun gwamnati ba shi ne kaɗai ba. Kwana huɗu da rufe wasannin Ikko, ranar 22 ga Janairu, jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda ya yi haɗari a filin jirgin sama na Kano, mutum 176 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Damina kuma ta ƙi, bayan ta 1972 ma ba ta yi kyau ba. Gero da dawa suka ƙone a gona, shanu suka yi ta mutuwa, 'yan gudun yunwa suka kwararo daga Nijar zuwa Sakkwato da Katsina da Kano. Cinikin gyaɗa bai sake komawa yadda yake ba, dalar gyaɗa ta Kano ta kama hanyar ɓacewa. A Nijar, yunwar tana cikin dalilan da suka kai ga hamɓarar da Shugaba Diori Hamani a Afrilun 1974.

Kammalawa

Mun ga cewa shekarar da baitulmali ya cika ita ce shekarar da rumbu ya bushe, kuma tun daga lokacin mai ya danne noma a lissafin hukuma. Mun ga kuma cewa haɗin kai ya yi sauƙi a filin wasa, ya gagara a wurin rabo. Shawararmu ga malamai 'yan'uwanmu ita ce, a tura ɗalibai ƙauyuka su ɗauki bayanin dattawan da suka ga wannan fari, tun suna da rai. In ba a yi haka ba, za a wayi gari ɗalibinmu ya san ranar da aka fito da Naira, bai san abin da kakansa ya ci a bazarar da ta biyo baya ba.