Yadda Gashin Nama Ya Shiga Harabar Gidajen Amurka

Gashin nama a harabar gida lokacin bazara al'ada ce da Amurkawa ke yi wa kallon gadon kaka da kakanni, alhali ba ta cika ƙarni guda da kankama ba. A da, gashi aikin taro ne. A jihohin kudu, cikin ƙarni na 18 da na 19, akan haƙa rami a zuba garwashi, a gasa dabba sukutum domin biki ko gangamin siyasa, kuma galibi bayi baƙar fata ne ke kwana a bakin wutar.

Gawayi ne ya fara sauya lamarin. Motocin Henry Ford na farko suna cin katako da yawa, shi ya sa a shekarun 1920 ya kafa masana'antar yankan katako kusa da Iron Mountain a jihar Michigan, a filin da Edward Kingsford ya taimaka masa ya samu. Ford ba ya son asara ko ta anini. Guntayen katakon da suka rage sai a mayar da su gawayi, a niƙa, a kwaɓa da sitaci, a matse su 'yan dunƙule-dunƙule masu daɗewa suna ci. Dillalan motocinsa ne ke sayarwa. A 1951 aka sayar da sana'ar, ta koma amsa sunan Kingsford.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai wuri ya samu. Dokar tallafa wa tsoffin sojoji ta 1944 ta sauƙaƙa bashin sayen gida, unguwanni irin su Levittown, da aka fara ginawa a 1947, suka bazu a bayan birane, kowane gida da ɗan filinsa. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa ba ta wadata ba, kunna murhu cikin gida a watan Yuli azaba ne.

Sai dai murhun gashin lokacin buɗaɗɗe ne: iska ta watsa toka a kan nama, ruwa ya kashe wuta. A 1952 George Stephen, ma'aikacin Weber Brothers a Chicago, ya ɗauki ƙwallon ƙarfen da kamfanin ke ƙerawa don yi wa jiragen ruwa alama, ya raba shi biyu, rabi ya zama mazubin gawayi, ɗaya rabin murfi, ya huda ƙofofin iska, ya kafa masa ƙafafu uku. Murfin nan shi ne dabarar, domin yana riƙe zafi har kaza ta nuna ciki ba ta ƙone ba.

Murhun gas, da ya yaɗu daga shekarun 1960, ya kawar da jiran garwashi, gashi ya zama abincin daren kowace rana. Tallace-tallace suka riƙa nuna maigida riƙe da abin juya nama, ko da yake cefane, haɗa ganye da wanke-wanke sun zauna a hannun uwargida. Kakar gashin kan fara daga hutun ƙarshen watan Mayu, ta kai ƙololuwa ranar 4 ga Yuli, ta lafa a Litinin ɗin farko ta Satumba.