Koci Ya Zo da Mutanensa: Al-Hilal Daga 2022 Zuwa 2025

Kai da kake shan shayi a bakin kasuwar riɗi ta Gadarif, ko kake jiran a sauke maka kaya a Gallabat, ka san gardamar da ba ta ƙarewa: Hilal ko Marikh. Yau Hilal za mu ɗauka, mu duba yadda zuwan mutum ɗaya ya sauya fuskokin da ke sa rigarta.

Al-Hilal ta Omdurman tsohuwar ƙungiya ce, tun 1930 take. Sau biyu tana kai wa wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka, a 1987 da 1992, duka biyun ta dawo hannu rabbana. Wannan ƙishin ne ya sa a 2022 shugabanninta suka ɗauko Florent Ibenge, ɗan Kwango ta Kinshasa. Mutumin ba ƙaramin koci ba ne. Ya daɗe yana horar da AS Vita, ya ci wa ƙasarsa kofin CHAN a 2016, kuma a shekarar da ya zo ɗin nan ya gama lashe kofin Confederation da Berkane ta Maroko.

To, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ba a jima ba sai ga Makabi Lilepo, ɗan gaba daga AS Vita. Bayansa ga Fabrice Ngoma, ɗan wasan tsakiya wanda shi ma ya yi aiki ƙarƙashin Ibenge a Kinshasa. Sannu a hankali Faransanci ya fara yawa a filin atisaye.

Wasu za su ce son kai ne. Ni dai ban ga haka ba. Kai makiyayi, in aka damƙa maka garken da ba ka sani ba aka ce cikin wata uku a ga canji, me za ka yi? Za ka nemo bijimin da ka san halinsa, wanda in ka yi kira zai juyo, sauran su bi. Koci ma haka. Ba shi da lokaci, don wasa uku in ya faɗi a jere shugabanni sun fara neman wani. Yana son ɗan wasan da ya riga ya san inda zai tsaya ba sai an yi ta tafinta ba. Dillalan 'yan wasan da ya yarda da su ma na hanyarsa ta dā ne. Kuma da farko abin ya biya: a Fabrairun 2023 Hilal ta doke Al-Ahly ta Masar da ci 1-0 a Omdurman, Lilepo ne ya zura ƙwallon.

Amma fa akwai mai biyan kuɗin wannan sauyi. Mutum goma sha ɗaya kaɗai ke shiga fili. Duk baƙon da ya shigo, akwai ɗan gida da ya koma benci, ko aka ba da shi aro, ko aka sallame shi. Yaron da ya taso yana buga ƙwallo a unguwannin Gadarif ko Kassala yana mafarkin Omdurman, ƙofarsa ce ta ƙara ƙunci. Sannan wanda aka sallama kafin kwantiraginsa ya ƙare sai an biya shi, in ba haka ba ya kai ƙara FIFA, ita kuma tana iya hana ƙungiya rajistar sababbin 'yan wasa. Ɗan kasuwa ya san wannan: kayan da ka karya farashinsu don ka samu wurin zuba sababbi, asara ce tun kafin ciniki.

Sai ga yaƙi ranar 15 ga Afrilu, 2023. Gasar gida ta tsaya cak. A shekarar nan Ngoma ya koma Simba ta Tanzaniya, Lilepo ya wuce Valenciennes ta Faransa. Ba a ga laifinsu ba, kowa da iyalinsa. Abin lura shi ne Ibenge bai tafi ba, ya sake gini karo na biyu, ƙungiyar tana yawo kamar masu neman makiyaya da rani. Ƙashin bayan ya zama 'yan gida irin su Muhammad Abdurrahman, wanda ake wa laƙabi da Garbal, ga kuma baƙi irin su Khadim Diaw mai buga wa Muritaniya da Jean Claude Girumugisha na Burundi. Da su ne Hilal ta shiga gasar Muritaniya a kakar 2024 zuwa 2025 ta kuma gama a kan gaba, ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas na kofin zakarun Afirka, inda Al-Ahly ta fitar da ita.

Tawagar ƙasa ma ta ga irin nata. Kwesi Appiah ɗan Gana, da ya karɓe ta a 2023, ba shi da damar sayen kowa, sai ya waiwayi 'ya'yan Sudan da suka girma a waje, irin su Abubakar Isa da ya taso a Ingila. Da su aka samu gurbin zuwa gasar Afirka ta Maroko, Gana kuwa ta zauna gida. Masu saurarenmu 'yan Nijar za su so mu tuna cewa a kan hanyar sun lallasa Sudan da ci 4-0. To, mun tuna.

A Yulin 2025 Ibenge ya koma Azam ta Tanzaniya. Hilal ta ɗauko Laurentiu Reghecampf ɗan Romaniya, ta kuma kwashi kayanta daga Nuwakshot zuwa Kigali, inda ita da Marikh suka shiga gasar Ruwanda. Sabon kocin ya tarar da 'yan wasan da wani ya zaɓa don irin nasa salon, kuma shi ma yana da nasa mutanen da ya sani.