Daga Tirmini zuwa akwatin ƙuri'a

A Jamus an san ranar da sarauta ta faɗi: 9 ga Nuwamba 1918 aka yi shelar saukar Sarki Wilhelm na Biyu, ya tsere Holan, aka ce jamhuriya ta tsaya. A watan Janairun 1919 har mata sun jefa ƙuri'a. Amma alƙalai da hafsoshin soja da manyan ma'aikata, duk na sarki ne, suna nan a kujerunsu. A 1925 ma tsohon hafsan sarki, Hindenburg, aka zaɓa shugaba, kuma shi ya miƙa wa Hitila mulki a 1933. Rawani ya tafi, fada ba ta watse ba.

Mu a ƙasar Damagaram namu ya bi ta wata hanya: rawanin yana nan, ikon ne aka zare daga cikinsa. Ni karatun harshe nake yi, don haka ta kalmomi zan bi labarin.

A zamanin Tanimun, wanda ya rasu a 1884, in an ce "sarki" an gama magana. Ya kewaye Birni da ganuwa, yana da 'yan bindiga da igwa ƙirar gida, ayarin Arewa na sauka a Zango. Wanda ba ya cikin sarauta kuwa sunansa talaka, kuma kalmar ba rashin dukiya take nufi da farko ba. Attajiri ma talakan sarki ne. Talaka shi ne wanda ake mulka.

A watan Mayun 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder, zamanin Amadu Kuran Daga. Ranar 30 ga Yulin 1899 sojan Faransa suka ci rundunar Damagaram a Tirmini, bayan 'yan makonni suka kashe sarkin. Suka naɗa Amadu ɗan Basa, a 1906 suka zarge shi da ƙulla tawaye, suka tuɓe shi, suka kai shi Kodebuwa, suka ɗora Bellama, bawan fada, ya riƙe gari. Sai 1923 aka maida sarautar, a 1926 kuma aka ɗauke hedkwata aka kai Yamai. Daga nan "sarki" ta sami sabuwar ma'ana: mai tara wa kumandan haraji da mutanen aikin tilas. A wannan tsari na kanto Kance da ƙauyukanmu suka zauna. Tsofaffi in sun ce "zamanin Nasara", wuyansu da kafaɗunsu suke tunawa.

A 1946 aka soke aikin tilas, aka kafa jam'iyyar PPN, a 1956 kowane baligi, mace da namiji, ya sami ƙuri'a. To nan ne kalmar da ta fi burge ni ta shigo: sawaba. Asalinta Larabci ce, abin da yake daidai, amma Bahaushe ya maida ta sauƙi bayan wuya, kamar an sauke maka kaya. NEPU ta riga ta ɗaga ta a Kano tun 1950, mu kuwa tsakaninmu da Daura tafiya ce kaɗan, magana ba ta tsayawa a kan iyaka. Jam'iyyar Jibo Bakari ta ɗauke ta, ta yi ƙarfi a Zinder da Tasawa, wajen 'yan kamasho da direbobi da ƙananan 'yan kasuwa.

Sai dai Jibo da taimakon sarakuna ya hau gwamnati a 1957. Da ya ce a'a ga De Gaulle a ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958, Gwamna Colombani ya jawo sarakunan, suka juya masa baya, "i" ta yi rinjaye. A 1959 aka haramta Sawaba. Da 'yancin kai ya zo ranar 3 ga Agusta 1960, jam'iyya ɗaya ya tarar. Wasu abokaina na cewa sarakuna sun ci amana. Ni ina ganin abin ya fi haka zurfi: mutumin da kumandan ke iya tuɓewa gobe, ina ya ga zaɓi? Tun 1906 aka nuna musu wanda ke da rawanin.

Diori ya faɗi a 1974, soja suka riƙe. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy a Yamai, 'yan lakwal irinmu, kuma jininsu na cikin abin da ya kawo Taron Ƙasa na 1991. Wanda ya shugabance shi, André Salifou, haifaffen Zinder ne, shi ya rubuta tarihin Damagaram. Jam'iyyu suka fito da sunayen Hausa: Rahama, Tarayya, Zaman Lahiya, Nasara. A lura, ban da Tarayya, duk addu'a ce da fata, babu mai cewa haƙƙi. A watan Maris 1993 Mahaman Usman, ɗan Zinder, ya ci zaɓe. Jamhuriyar Jamus ta yi shekara 14. Tamu ta uku ba ta cika uku da shugabanta ba, Bare ya kifar da ita ranar 27 ga Janairun 1996.

Hannun gwamnati kuwa bai bar rawani ba. A 2001 aka tuɓe Sarkin Damagaram Abubakar Sanda, sai 2011 ya koma. Kafin 2023, kundin tsarin mulki yana kiranmu 'yan ƙasa, amma a lokacin a Dungu in ɗan majalisa ya zo yawon neman ƙuri'a, mai gari ake fara gaisarwa, maroƙi ya yi masa kirarin sarauta, wanda zai kai kukan rijiya ko taki kuma ya durƙusa ya fara da "ranka ya daɗe, mu talakawanka".