Maiƙon Jini Tsakanin Akushi da Nasaba: Raddi daga Gaya

Wani abokin aikinmu, malami mai zurfin nazari, ya kafe a kan cewa yawan maiƙo a jini, wanda likitoci ke kira kolestarol, cutar attajiran Yamai da Kano ce, saboda haka manomin gero da masuncin kogin Isa a ƙasar Dendi ba su da abin tsoro. A ganinmu, wannan hukunci ya dubi akushi ya manta da nasaba.

Asalin mas'alar ba ɓoyayye ba ne ga ma'abota fannin: Müller ya siffanta nau'in cutar da ke bin nasaba a 1938, Khachadurian ya bayyana yadda ake gadonta a Lubnan a 1964, sannan Brown da Goldstein suka sami lambar Nobel a 1985 bisa gano kafar da hanta ke janye maiƙo daga jini ta cikinta.

Hujjar malamin ita ce mai cin tuwo da kifi jininsa garau yake. Wannan gaskiya ne ga galibin jama'a, amma galibi ba ya hukunta kowane gida, domin wanda ya gaji tawayar wannan kafa daga mahaifi ɗaya, maiƙonsa kan ninka na tsaransa tun yana goye, ko da bai taɓa ɗanɗana kitse ba. Wanda kuwa ya gaje ta daga iyaye biyu, abin da auren zumunci ke sauƙaƙawa, zuciyarsa na iya gazawa kafin ya cika ashirin.

Malamin ya ƙara da cewa baƙar fata na da garkuwa. Haƙiƙa a 2005 Cohen da Hobbs sun sami sauyi a ƙwayar gado ta PCSK9 mai rage maiƙo, amma a wajen biyu cikin ɗari na baƙaƙen Amurka kawai. Garkuwar ƙalilan ba ta rufe al'umma.

Iyakar da'awarmu ke nan: abinci shi kaɗai ba ya bayanin jinin mutum. Don haka muna roƙon likitocin Gaya da Malanville da Kamba, idan suka ga matashi mai ƙululu a agara, ko wanda ciwon zuciya ya ɗauke mahaifinsa da ƙuruciya, su auna jininsa, su kuma kira 'yan'uwansa a auna su. Allah Ya sa mu dace.