Motar soja a rairayin Damargu

Tun kafin mota ta zo, ƙasar Damargu ta san matafiyin da abin hawansa ya gaza masa. A shekarar 1899 rundunar Faransawa ta Foureau da Lamy ta ratso ta daga Agadas zuwa Damagaram, bayan kusan duk raƙumanta sun mutu a Abzin. A 1917 ma, dakarun da suka tashi daga Damagaram domin karya ƙawanyar da Kawsan ya yi wa barikin Agadas, da raƙuma da sawun ƙafa suka bi wannan hanya. Raƙumi kuwa idan zai gaza, ba ya ɓoyewa: tozonsa ya sha, tafiyarsa ta yi sanyi, madugu ya gani tun da sauran kwana. Da inji ya gaji raƙumi, sai aka sami abin hawan da ke mutuwa da rana tsaka ba sallama.

Bayan yaƙin duniya na biyu sojan Faransa ya cika da motocin Amurka masu shan esansi, irin su Jeep da Dodge da GMC. An ƙera su da kyau, amma zafin bazara tsakanin Tanut da Adarbisanat ya fito da ciwonsu. Idan mota ta daɗe tana nishi cikin rairayi da ƙaramar giya, bututun mai da famfonsa sai su ɗauki zafi, esansi ya zama tururi tun bai kai karbireto ba. Inji ya yi tari, ƙarfi ya ragu, ya mutu. Direban da bai sani ba sai ya hau kwance abin da lafiyarsa lau, ya tsiyaye batir wajen neman tayarwa. Wanda ya sani kuwa buɗe hancin mota yake yi, ya jiƙa tsumma ya ɗora bisa famfon, ya jira. Sai dai ruwan jiƙa tsumman daga salkar sha yake fitowa, kuma a Damargu wannan ba ƙaramin farashi ba ne.

A ƙarshen 1959 kamfanin Berliet ya tura motoci tara masu suna Gazelle suka ƙetare Tenere, domin ya nuna babbar mota na iya yin abin da ayari ke yi. Daga wannan ƙira ce aka fitar da GBC 8 KT mai ƙafa shida, wadda sojan Faransa ya karɓa a farkon shekarun 1960. An yi ta yabon injinta saboda ba ya zaɓen abinci: gazuwal, kananzir, har esansi. Yabon gaskiya ne, amma ya rufe ido daga inda matsalar take. Injin da ke cin kowane mai ba ya cin ruwa, ba ya cin ƙasa, kuma man da ake samu a karkarar Tanut da Belbeji daga tano ake zuba shi, tanon da ya sha rana da tsatsa.

A nan ne aikin makanikai ya zama ilimi mai tsari, ko da ba a rubuce yake ba. Da hayaƙi ake farawa. Idan baƙi ne ƙirin kuma mota ba ta ja, iska ce ba ta isa, wato ƙurar hunturu ta toshe matatar iska, man da ke gindinta ya zama taɓo. Idan babu hayaƙi, inji na lafawa a hawa yana farfaɗowa a gangare, mai ne ba ya zuwa: ko matatar mai ta cika da laka, ko ruwa ya kwanta a gindin tanki. Akwai kuma wadda ta fi ban haushi, ƴar hudar murfin tanki, wadda idan yashi ya like ta sai mota ta yi tafiyar rabin sa'a ta mutu, a buɗe murfi a ji ya ja numfashi. Iskar da ta shiga bututu ta tsagewar roba ita ma tana kashe inji. Maganinta a sassauta noti a riƙa buga famfon hannu har mai ya fito ba kumfa, aikin da karen mota ya fi kowa sani. Sai duk wannan ya wuce ake taɓa famfon allura, domin shi ba a gyara shi a gindin ƙaya.

Abin da ke rataye da wannan sani ya bayyana a farin 1973 da 1974, lokacin da Damargu, wadda ta saba ciyar da Abzin da hatsinta, ta koma jiran taimako, sojan Nijar kuma yana cikin masu kai shi arewa. Motar da ta kwana biyu a hanya saboda matata guda, kwana biyu ne na yunwa ga garin da ke jiranta.

Kamfanin Renault ya haɗiye Berliet cikin shekarun 1970, sunan ya ɓace daga sabbin motoci, kayan gyara suka yi wuya. Tsofaffin da suka faɗa hannun ƴan kasuwa sun ci gaba da tafiya da bututun aro, da matatar wata mota, da ƙyallen da ake tace gazuwal da shi a bakin tanki.