Tarihin Kalmar "Quite" da Tarkon da Take Ɗana wa Mai Fassara

A ce wani marubuci ya aika wa edita Bature da rubutunsa, amsa ta dawo cewa aikin "quite good" ne. Shin yabo ya samu ko kuwa sallama ce cikin ladabi? Amsar ta danganta da inda editan ya fito. Idan mutumin Ingila ne, galibi nufinsa shi ne "ba laifi". Idan kuwa Ba'amurke ne, to yana nufin aikin ya yi kyau ƙwarai. Dalilin wannan saɓani yana cikin tarihin kalmar.

Asalinta daga Latin ne, daga "quietus", wato wanda ya natsu, ya huta. A ƙarnonin tsakiya aka riƙa amfani da ita ga mutumin da ya biya bashi ya sauke nauyi, har ma'ajin sarkin Ingila kan rubuta "quietus est" a kan lissafin wanda ya gama biya. Daga Latin ta shiga tsohon Faransanci da ma'anar wanda ya kuɓuta. Bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a, kalmomi masu yawa suka kwarara cikin Turanci, ita ma ta bi ayari. 'Yar'uwarta ita ce "quit", wato bari ko fita.

Wanda ya biya bashi, babu sauran ko anini a kansa. Daga nan ne, wajen ƙarni na 14, kalmar ta soma ɗaukar ma'anar "gaba ɗaya" ko "sarai". Haka ta zauna shekaru aru-aru. Ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ma da wannan ma'ana ta cika da kammala ya bayyana ta.

Sai a tsakiyar ƙarni na 19 ma'anar "daidai gwargwado" ta bayyana a rubuce. Kalmar ƙarfafawa kamar wuƙa ce, yawan aiki kan dakusar da ita. Ingilawa kuma mutane ne masu son rage murya a zance, don haka sabuwar ma'anar ta samu gindin zama a wurinsu, alhali Amurkawa sun fi riƙe wadda ta kusanci ta dā.

Amma tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba ko a Ingila. Idan kalmar ta zo da siffar da ba ta da hawa-hawa, kamar "quite right" ko "quite impossible", nufinta "sarai" ne: daidai ne sarai, ba zai yiwu ba sam. Idan kuwa siffar mai hawa-hawa ce, kamar kyau ko girma ko tsada, sai ta koma "da dama" ko "ɗan". A magana ta baki, idan Bature ɗan Ingila ya danna murya a kan "quite" ɗin, yabon ƙara raguwa yake yi.

To, 'yan'uwa marubuta, Hausa ba ta rasa kayan aiki ba. Muna da "ƙwarai", "sarai", "matuƙa", "da dama", "ba laifi" da "bakin gwargwado", kowacce da muhallinta. Abin da ya rage shi ne mai fassara ya yi wa kansa tambayoyi uku kafin ya ɗora alƙalami: wa ya faɗa, a wane zamani, kuma wace siffa ce ta biyo baya? Wanda ya fassara littafin ƙarni na 18 ya mayar da "quite" ɗinsa "ba laifi", ya rage wa marubucin ƙarfin zance. Wanda kuma ya mayar da ta editan Ingila "ƙwarai", ya sa ɗan'uwansa murna a kan rubutun da har yanzu ke buƙatar gyara.